Muryar da Aka Goge

Tun tana 'yar shekara tara ciwon maƙogwaro ya bar wa muryarta kaushi, har ta girma ba ta yarda ta yi waƙa a gaban mutane. Tela ce, shagonta na kusa da tashar mota. A nan wani dattijo mai tsara waƙoƙi ya kawo gyaran riga, ya same ta tana rera waƙa ƙasa-ƙasa a kan keken ɗinki. Ya manta da rigar, ya ce ta maimaita.

Shekara ashirin da biyu yana rubuta waƙa daidai da wannan murya. Ya san inda take tsagewa in ta ja baiti, sai ya ajiye kalmar da ta fi ciwo a wurin, ya sa makaɗa su sassauta. A sutudiyo kowa Anti yake kiranta.

Da ya rasu ya bar waƙa guda ba a ɗauka ba. Ɗansa, wanda ya gaji sutudiyon, ya kira ta, ta rera da hawaye. Bayan mako guda ta rufe shago ta koma ta saurara. Ya kunna, sai ta ji wata siririyar murya, sumul, kamar ta 'yar makaranta.

"Wace ce wannan?" ta tambaya.

"Ke ce mana, Anti. Na sa kwamfuta ta wanke ta, na cire duk ƙurar. Abin da ake yayi ke nan."

"Ƙura? Muryar tawa ce ƙura? Kana rarrafe a ƙarƙashin teburin nan ubanka yake sa ni maimaita baiti sau goma don ƙurar nan ta fito! In muryar yarinya kake so, ga su nan cike da gari. Me ya sa ka taso ni daga kan kekena?"

Ya sosa ƙeya, ya ce ai an riga an tura wa gidajen rediyo.

"To, kada in ga sunana a kai."

Ta ɗauki jakarta, kuma ba ta sake taka wurin ba. Waƙar ta karɓu, wannan ne ya fi ƙona mata rai. Har yau, in wayar mai kawo ɗinki ta fara rera ta a shagon, sai Anti ta tsayar da keke, ta nuna ƙofa da almakashi.

"'Yar'uwa, fita waje ki gama ji, sannan ki dawo in auna ki."