Sunan Mato a Bakin Kalangu

Duk wanda ya zauna Agege a shekarun da kuɗin mai ya ɓarke ya san Uwaisu Gatari, ɗan damben da hotonsa ke manne a shagunan aski tun daga bakin tashar jirgi har Obalende. Wanda ba kowa ya sani ba shi ne yayansa Mato, ko da yake babu bakin da bai taɓa ambaton sunansa ba. Abin da ya hana Mato sakat ke nan har ya bar duniya.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shekara tara ce tsakaninsu. Mato ya fara sauka Ikko shekara guda bayan samun 'yancin kai, cikin taragon shanu daga Ƙaura Namoda, da wuƙa biyu naɗe a tsumma. Mahauci ne ɗan mahauci, amma ba a yanka ko awo ya yi fice ba, a fiɗa ne. Dillalan ƙiraga na da al'adar ɗaga fata su saita ta da rana suna neman inda wuƙa ta huda. In aka ce musu fiɗar Mato ce, ba sa ɓata lokacinsu, sai su naɗe su wuce. Mutum ne marar yawan magana, gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma duk mayankar babu wanda ya taɓa ganin hannunsa ya yi gardama.

Da mahaifinsu ya rasu sai Mato ya aika aka zo masa da Uwaisu. A bayan mayanka ya koya masa dambe, kamar yadda aka koya masa shi ma a gida. Shi ne kuma mai ɗaura masa hannu duk ranar wasa. Tsumma yake fara sawa, sannan igiya, zagaye bayan zagaye, yana ja yana tofa addu'a. Ɗan dambe ba ya miƙa wa kowa hannunsa haka kawai, sai wanda ya yarda da shi fiye da kansa.

Ranar da Uwaisu ya fara kayar da babban ɗan wasa, Ɗanjuma mai kalangu, makaɗin mahautan unguwar, ya yi masa take nan take. Su makaɗa ba sa wasa mutum shi kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama, sai sun jingina shi da babbansa. Ɗanjuma ya matse kalangu a hammata ya buga, ya bi da baki: “Gatari ƙanin Mato, gatari mai sara a tsaye!” Mato, mutumin da ko dariya sai an roƙe shi, ya tuɓe rigarsa a tsakiyar fili ya yafa wa makaɗin. Da singileti ya koma gida ran nan, matarsa Hansai tana ta yi masa tsiya.

To, aikin fiɗa a sunkuye ake yinsa, tun sanyin safiya, ƙafa cikin ruwa. Bayan shekara goma baya ya fara yi wa Mato ciwo, irin ciwon da in ya yi ruku'u sai ya dafa bango kafin ya miƙe. A bakin ƙofar mayankar akwai wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya, tana jera kwalabe cike da saiwoyi da sassaƙe jiƙe cikin wani farin ruwa.

“Oga Mato, zo ka sha na baya,” in ji ta. “Magani ne, ba giya ba ne.”

Mato ba yaro ba ne, ya san warin giyar ogogoro sarai. Amma ya dubi saiwoyin nan ya ce wa ransa ai abin da aka sa wa itace ya tashi daga giya ya koma magani. Ya sha murfi ɗaya. Abin takaicin, ciwon bayan ya yi sauƙi. Da ma bai yi ba.

Murfi ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama ƙaramin kofi. Cikin shekara guda ya daina tambayar wace kwalba ce ta baya, wacce ce ta basir. Daga baya ma ya ce wa Iya ta daina wahalar da kanta da saiwoyi. Ya koyi cika baki da goro, ya koma sahun ƙarshe a masallaci, kusa da ƙofa. Hansai ta gane tun a watan farko. Ta dai daina zama da matan gida a tsakar gida in ya kusa dawowa.

Wata safiya wani dillali ya ɗaga ƙirgin da Mato ya feɗe, don wasa kawai, sai ga rana ta leƙo ta wurare uku. Ya zura yatsa cikin huda ɗaya, ya dubi Mato, ya naɗe ƙirgin ya wuce. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ba a rufa wata shida ba Sarkin Fawa ya kira shi gefe ya ce ya huta da fiɗa tukuna, ya koma wajen wankin tumbi da hanji.

A daidai wannan lokacin ne kuma tauraron Uwaisu ya haska. Kuɗi sun yi yawa a gari, alhazan shanu suna liƙa wa 'yan dambe sababbin takardun naira. Wani ya ba shi babur. Aka riƙa ɗaukarsa zuwa Ibadan da Kano. Jarida ta buga hotonsa, aka kuma kai Ɗanjuma wani ɗaki aka ɗauki taken a faifai. Daga nan babu teburin mai shayi, babu shagon tela da ba a jin “Gatari ƙanin Mato”. Har direbobin motocin danfo da ba su jin Hausa sun iya wannan gaɓar. Sai ya zama Mato na tafe yana tangaɗi da la'asar, rigarsa duk ƙazantar tumbi, sunansa kuma na tashi daga garmaho a tsallaken titi. Masu neman magana sukan ɗaga murya su ce, “A ba shi hanya, ga mai faifai nan!”

Uwaisu yana jin duk wannan. Sau biyu yana zuwa da kansa ya ɗauko yayansa daga bakin kwata, ya goya shi a bayan babur, mutanen da suka saba yi masa jinjina suna kau da kai. Bai taɓa ɗaga masa murya ba. Iyakar abin da ya taɓa cewa shi ne, “Yaya, don Allah ka dube ni.” Kuma duk da haka bai fasa miƙa masa hannu ranar wasa ba.

Sai Lahadin da aka kawo wani baƙon ɗan dambe daga Arewa, da makaɗansa da magoya bayansa cike da mota. Fili ya cika har kan katanga. Mato ya yi niyyar zuwa garau, amma da hantsi hannunsa ya kama rawa, ya ce bari ya sha kaɗan don ya tsaya. Ya ɗaura hannun Uwaisu, ya tofa addu'a. A turmi na biyu igiyar ta warware, ta zubo tana jan ƙasa kamar ta akuyar da ta tsinke. Aka tsayar da wasa. Mato ya shigo fili da gudu zai gyara, ƙafarsa ta harɗe, ya kife a gaban dubban mutane. Makaɗin baƙi bai yi wata-wata ba, ya juya taken ya rera, “Gatari ƙanin kwalba!” Fili ya ɗauki dariya. Wani ne ya sake ɗaurin, amma idon Uwaisu na kan masu jan yayansa waje. Aka koma wasa, naushi ɗaya ya kai shi ƙasa, karo na farko cikin shekara bakwai.

Tun daga ranar Mato bai sake taka filin ba, Uwaisu kuma bai sake aiko a kira shi ba. Duk Juma'a dai nama da shinkafa na isowa gidan Hansai daga wajen Uwaisu. Mato ba ya iya cin naman nan.

Ya fi shekara yana juya abin a ransa. Ba shi da abin da zai ba ƙaninsa, ba shi da ƙarfin ajiye kwalba, ya gwada ya fi sau goma. Abu ɗaya ya ga ya rage a hannunsa, ya cire sunansa daga jikin yaron, ko masu zambo sa rasa abin kamawa. Wata Alhamis ya daure bai bi ta wajen Iya ba, ya sa rigar sallarsa, ya tafi gidan Ɗanjuma. Ya same shi a zaure yana ɗame igiyoyin kalangu.

Bayan gaisuwa Mato ya cusa hannuwansa cikin riga don kada a ga rawarsu, ya ce, “Alfarma na zo nema. Ka cire ni daga taken Uwaisu. Ka jingina shi da mahaifinmu, ko da Sarkin Fawa, ko da wa ka ga dama.”

Ɗanjuma ya ajiye kalangun a gefe.

“Mato, ai an cire,” ya ce. “Bara, sati guda bayan abin nan. Shi ya zo da kansa, nan ya zauna inda kake. Yana magana yana kuka.”

Mato ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi. Ya zo ne da kyauta ɗaya tilo da yake ganin zai iya yi, ashe an riga an karɓe ta tun bara, duk Agege ta sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

“To, madalla,” ya ce da ƙyar. Ya yunƙura zai tashi.

“Zauna, ban gama ba. A baki aka cire. A kalangu yana nan.”

“Ka cire shi can ma.”

“Na gwada. Lahadin farko na tsallake wurin, na wuce kai tsaye zuwa sara a tsaye. Ƙaninka ya fito fili ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Jikinsa ya ƙi tsuma. Ya taho har gabana ya ce, ‘Baba Ɗanjuma, mayar. Kada dai ka faɗa da baki.’ To haka muke yi. In na zo wurin sai in rufe bakina, kalangu ya faɗa.”

Mato bai san lokacin da ya fito daga zauren ba. A hanya ya wuce Iya tana kiransa, bai waiga ba, ko da yake washegari ya koma.

Kada a yi ƙarya don a gyara labari, Mato bai daina sha ba. Shekara huɗu ya ƙara a duniya yana wankin tumbi, hanta ta kumbura, Hansai ta yi jinyarsa har ƙarshe. Abu guda ne ya canja. Ranar Lahadi ba ya sha, ko da jikinsa zai yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da la'asar sai ya bi ta bayan layin dogo, ya tsaya a gindin katangar filin dambe ta waje, inda ba a ganin wasa, sauti kawai ake ji.

Nan wani baƙo ya same shi wata Lahadi, dattijon mahauci da ya sauka daga jirgi a ranar, bai samu shiga ba saboda cika. Suna tsaye sai kalangun Ɗanjuma ya tashi. Muryarsa ta ce “Gatari”, ta yi shiru, kalangu ya yi maganarsa shi kaɗai, sannan fili ya ɗauki ihu, alamar Uwaisu ya fito yana tsuma.

Baƙon ya karkata kunne, don shi ma ya tashi cikin kiɗan fawa.

“Ƙanin Mato, in ji kalangu,” ya ce. “Ikon Allah. Duk girman Gatari, ashe akwai wanda ake jingina shi da shi. Malam, kai ɗan gari ne, wane ne Maton nan? Ina son in je in gaishe shi kafin in koma.”

Mato ya ƙara tura hannuwansa cikin hammata. Ya dubi baƙon, ya ga yadda fuskarsa ta cika da girmamawa. A cikin fili kalangu ya sake zagayowa wurin.

“Ban san shi ba,” ya ce.

Ya juya fuskarsa ga katanga, ya tsaya a haka har aka tashi wasa.