Gashin da ba ki gani ba, Yaya

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, labari ya iske mu a ɗakin gwaji cewa kin cika, Yaya, bayan doguwar jinya.

Ke kika koya mini gashin bututun yumɓu, wanda ake shimfiɗa siririyar matatar ruwa a kansa. Kin nuna mini idan wutar tanderu ta yi yawa, ƙofofin yumɓun sai su toshe, ruwa ya ƙi wucewa. Idan ta gaza, ƙofofin su yi wawakeke, bututu ya riƙa marmashewa. Ba ki taɓa yarda da kyan ido ba. Ran da na fitar da gashina na farko ina ta washe baki, sai kika zaɓi mafi kyau kika karya, kika duba cikinsa. Na kwana biyu ina fushi. Daga baya ke kika tsaya mini har aka ɗauke ni aiki, kika kuma kwana uku asibiti da matata.

Yanzu ga abin da ke cin raina. Kina kwance aka yi wani gashi, ni kuma aka aike ni sayen kaya. Na dawo da yamma na tarar tanderu ya huce, wanda a hannunki sai ya kwana da zafi. Da na gwada bututun, ruwa ya wuce da gudun da bai kwanta mini ba. Manaja, wanda kullum kukansa tsadar gas, ya fi kowa hawaye a zaman makoki. Nan ya ce da mijinki, "Wannan gashin aikinta ne na ƙarshe, da sunanta za mu kai shi asibitin yara."

Ban ga hannun kowa yana rage wuta ba, ba zan rantse ba. Amma jiya na karya ɗaya, cikinsa ya zube mini a tafin hannu kamar gari. Na kulle sauran, makullin yana aljihuna, ko da aikina zai tafi. Sunanki ba zai hau kansu ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinya ta zama kaffara. Ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi, ni kuma Ya ba ni ƙarfin zuciyar fuskantar Manaja ranar Litinin. Amin.