Kaftin Shirwa da Wandon Kakanmu

A gidanmu na unguwar Roumdé Adjia a Garoua, in an idar da sallar isha'i, kakarmu Iya Dudu takan zauna gindin murhu tana soya kitsen da ya rage daga kasuwa, mu jikoki mu kewaye ta. Mu gidan mahauta ne. Sauran tsofaffi tatsuniyar dabbobi suke yi wa yara, ita kuwa sai ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "Ga ta nan, amma tawa ta faru, ku bar ƙyalƙyala tun ban fara ba."

Labarin da muka fi so na Kaftin Shirwa ne, wani Bafaranshe da ya tuƙa jirgin yaƙi a babban yaƙin Turawa. Da yaƙi ya ƙare sai ya koma jigilar nama daga Garoua zuwa Douala. Mahauta ne suka sa masa Shirwa, saboda yadda yake kawo sura in zai sauka.

Lokacin nan kakanmu Baba Sale yana neman sarautar sarkin fawa, kuma ba shi da abin taƙama sai cewa ba ya tsoron komai. Ran nan Kaftin ya zagaya bayan mayanka, sai wani bijimi ya tsinke igiya ya yi kansa. Mutumin da aka yi ta yi wa ruwan harsashi a sama, sai ga shi kan darbejiya yana kiran uwarsa da Faransanci! Baba Sale kaɗai ya gani. Ya kayar da bijimin, ya sauko da baƙo, bai tona masa asiri ba.

Don godiya, Kaftin ya rantse a gaban mahauta sai ya ɗana shi a jirgi. In Baba Sale ya ƙi, sarauta ta tafi. Haka ya shiga ya zauna tsakanin cinyoyin shanu. Suna kaiwa kan kogin Binuwai tsohon hali ya motsa, Kaftin ya kifa jirgin wai zai nuna masa dorina.

"Wayyo namijin duniya!" in ji Iya, tana share hawayen dariya. "Ya rungume cinyar bijimi, yana ta yafe wa mutanen da ba su roƙe shi ba."

Da suka dawo, mahauta sun cika fili suna jira. Kaftin ya dubi wandon Baba Sale, sai ya yi kamar tuntuɓe, ya kife masa bokitin ruwan nama a jiki. Sannan ya fito ya ce, "Wannan ko gezau bai yi ba." Aka ba Baba Sale sarauta.

Na ce, "Iya, ke yaya aka yi kika sani?"

"Kai mai gidana, wa ya wanke wandon? Ni ban san warin ruwan nama ba ne?"

Mun yi ta dariya shekaru, ban taɓa ɗaukar abin da nauyi ba. Sai bara wata Baturiya ta zo rumfata da tsohon hoto, ta ce ita jikar Kaftin ce. Wai har ya mutu yana ba su labarin yadda ya hau bishiya don tsoron bijimi, da mahaucin da ya fi kowa jarunta. Maganar jirgi kuwa, abin da ta sani kawai sun ga dorina.

 Nasa abin kunyar ya faɗa da bakinsa, namu ya tafi da shi kabari. Labarin wando ya zo mini har kan harshe, na haɗiye.

Na ce, "Haka ne, madam. Ko gezau bai yi ba."