Kin Ce In Jira Ki, Malama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, maigidanki ya bugo mini waya ina cikin ɗakin gwaji, ya ce, "'Yata, sai haƙuri, Malamarki ta rasu." Na zauna a ƙasa.

Malama, ke kika koya mini aikin wannan baƙin dutse mai abin mamaki da ake kira kiristal, wanda lantarki ba ya ratsa cikinsa sai dai ya bi ta fatarsa. Kika ce ƙwayoyin lantarkin da ke gudu a fatar suna juyi kamar katantanwa, masu yin gabas juyinsu daban, masu yin yamma daban. Auna wannan juyin shi ne digirina gaba ɗaya.

Fatar kuwa ba ta jure iska. Sai an manna wa kiristal ɗan sanda, a rufe shi a tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar tas, sannan a doke sandan ya ɓare sabuwar fata. Duka ɗaya ne, ba a maimaitawa. Na lalata miki kiristal da yawa, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Dariya kike yi, ki ce, "Ke dai hannunki ya fi ƙarfin kimiyya, je ki sha shayi ki dawo."

Kiristal na ƙarshe da kika haɗa, kina tari kina jingina da bango, shi kaɗai ya rage mana. Da za a kai ki asibiti kika ce, "Kada ki ɓare shi sai na dawo, in tsaya a bayanki." Na jira, wallahi na jira.

Jiya na doke sandan ni kaɗai. Fatar ta fito sumul, juyin ya bayyana a kan allon na'ura yadda kika daɗe kina cewa zai bayyana. Na waiwaya in ce miki, "Malama, zo ki gani." Ban san ina da kuka irin wannan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da ɗalibanki. Ya Allah ka jiƙan Malama, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta. Mu da ta bari, ka ba mu haƙurin da ba mu da shi.