Haƙorin Makka a Bakin 'Yar Shekara Takwas

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba, amma maganar haƙorin 'yata ta fari tana nan daram, da ita za a kai ni kabari. Zamanin Shugaba Ahijo ne, muna zaune a unguwar Briqueterie a babban birni, a gidan uwar mijina da kowa ke kira Hajiya. Ni ɗinki nake yi da keken ƙafa a tsakar gida, maigida kuma mahauci ne, rabin wata yana Ngaoundéré wajen sayen shanu. 'Ya'yana huɗu a lokacin, ga cikin na biyar ya tsufa. In ka tambaye ni abin da na fi tunawa a shekarar nan, gajiya ce.

Yarinyar shekararta takwas. Na aike ta famfo bayan an ɗauke ruwan sama, jar ƙasar gangarenmu ta yi santsi, ta zame, bakinta ya daki bakin bokiti. Haƙorin gaba na sama ya karye rabi. Da na yarinta ne da da sauƙi, amma ta riga ta yi famfara, wannan shi ne wanda za ta tsufa da shi. Ko iska ta shiga bakin sai ta yi ƙara. Mun yi kanumfari, mun yi ruwan gishiri, kwana huɗu ba abin da ke wuce maƙogwaronta sai kunu mai ɗumi, shi ma da kuka.

Sau uku na kai ta lopital, wato asibiti, kafin mu ga likitan haƙori. Mu taka da ƙafa har unguwar Messa, mu sami taksi a cusa mu kamar buhunan gawayi, mu je mu zauna a benci tun hantsi, azahar ta yi a ce a dawo gobe. Ran na uku aka kira mu. Likitan ba ya jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce ƙirgen kuɗin ɗinki ba. Allah ya taimake ni da wani nas ɗan Garwa, shi ya yi mana tafinta.

"Ya ce jijiyar haƙorin tana da rai, kun yi sa'a," in ji nas ɗin. "Zai sa masa hular ƙarfe ta rufe shi, kuron ake ce mata. In ta girma a cire a sa mata fari. Amma madam, kada kowa ya taɓa shi."

Na ce to. Aka sa, muka fito. A bakin titi ta ga mai gasa masara ta ce tana so. Na tsaya ina kallonta tana gaigaya, tana murmushi, ƙarfen yana walƙiya fari fat kamar azurfa. Har ga Allah ba abin da ya zo raina sai cewa yau zan huta.

Muna shiga gida Hajiya tana kan tabarma tana jan carbi. Ta ce, "Zo nan, takwara. Buɗe bakin in gani." Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe kuka kai ta Makka ban sani ba?"

Na ɗauka wasan kaka da jika ne, har na fara dariya. Da na ga fuskarta sai na haɗiye abata.

A wurinmu haƙorin azurfa ko na zinare a gaban baki ba ado ba ne kawai. Shaida ce cewa mutum ya sauke farali. Hajiya kuwa ba a jirgin sama ta je ba. A bayan manyan motoci suka bi ta Fort-Lamy da Sudan ita da mijinta, shekara biyu suna hanya, ta binne shi a can ta dawo ita kaɗai. Haƙorin azurfar da ke bakinta shi ne abin da ta dawo da shi. Sai ga jikarta ta sami irinsa a taksi, tsakanin hantsi da la'asar.

"Ƙarya ce aka dasa mata a baki," in ji Hajiya. "Duk wanda ta yi wa dariya ta yi masa ƙarya. A cire."

Na durƙusa na ce, "Hajiya, magani ne. Likita ya ce kada a taɓa."

Ta ce, "Likita ya san Arfa?"

Mutanen unguwa ma ba su bar mu ba. Yarinya ta fita sayen gishiri, masu shago su ce, "A'a, Hajiya ƙarama, an dawo lafiya? Ina dabinonmu da zamzam?" A makarantar allo yara suka sa ta a waƙa. Matan da ke kawo mini ɗinki su zauna su yi ta zagaye-zagaye, can wata ta ce, "Ni dai ban taɓa gani ba, amma zamani ne." A gidan suna na ji da kunnena ana cewa wai son a sani ne ya sa na yi. Ni da ko zanen kirki ba ni da lokacin ɗaurawa.

Abin da ya ƙara ɗaure ni, 'yar fari ce, kuma sunan Hajiya ta ci. Ko sunanta ba na faɗa. Uwa ta tsaya gaban surukarta tana jayayya a kan 'yar fari, ai an gama da ita a unguwa, a ce ba ta da kara. Na sa rai ga maigida. Ya dawo daga tafiya da ƙurar shanu a jikinsa, na bari ya ci abinci, na faɗa masa komai. Ya shafa fuska ya ce, "Don Allah ki bar ni in huta. Abin da Hajiya ta ce shi ke nan."

Mako uku muna haka. Hajiya ta daina cin tuwona. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ƙafafuna sun kumbura har ba na iya taka keken da kyau, ga ɗinkin salla ya taru. Wata safiya ta yafa mayafi ta tsaya a kaina ta ce, "Ba ni ita in kai ta wurin maƙeri." Wani tsoho ne a bayan masallaci mai ƙera 'yan kunne, shi ke gyara wa hajiyoyi haƙoransu in sun yi sako-sako. Ban ko ɗago kai daga keken ba. Na ce, "To, Hajiya."

Yarinyar ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Inna, ke ba za ki zo ba?"

Na ce, "Je ki, yanzu za ku dawo."

Maƙerin ya saba da haƙorin Makka da ake zarewa cikin sauƙi. Wannan kuwa an like shi da abin likita. Ya sa awartaki ya ja, bai fita ba, ya murɗa. Hular ta fito tare da sauran haƙorin, ya karye daga dasashi. Hajiya ce ta goyo ta a baya har gida, tsohuwa mai ciwon gwiwa, jini ya ɓata mayafinta, tana kuka yarinya tana kuka. Ban taɓa ganin hawayen Hajiya ba sai ranar.

Kwana biyu fuska ta haye, muka koma lopital. Likitan ya duba bakin. Nas ɗin ya ce, "Yana tambaya, ina kuron ɗin?" Na ce ficewa ya yi da kansa. Bai ko fassara ba, ya dube ni kawai. Aka tone guntun saiwar aka fitar. Da giɓin nan ta yi budurcinta, da shi aka kai ta ɗakin miji. Yau tana da jikoki, ta sa na roba tuntuni, amma har yanzu in dariya ta kama ta sai hannunta ya riga ta zuwa baki.

Na daɗe ina ɗora wa Hajiya laifi, Allah ya jiƙanta. Da na girma na ga nawa ya fi nata. Ita ta yi imani da abin da take faɗa. Ni na san gaskiya, na ji ta daga bakin likita, na bayar da yarinyar don kawai a bar ni in numfasa. Abin da na koya shi ne, ranar da gajiya ta kai maka iya wuya, kada ka yanke magana a kan jikin yaro, ka ce a bari sai gobe. Ni gajiyata ta wuce cikin sati guda. Ita ba ta sake samun haƙorinta ba.