Yadda Kawu Keji Ya Koya Mini Ihu

Duk layinmu ba wanda ya taɓa ganin Kawu ya ɗaga wa mutum hannu, kuma wannan abu yana ci wa mutanen layin rai ba kaɗan ba. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha huɗu ya yi yana irin faɗan nan na zamani da ake rufe ƙarti biyu cikin kejin waya, a bar su su yi dambe, su yi kokawa, su yi shuri, su shaƙe juna har sai ɗaya ya ce ya tuba. Shi ya sa ake ce masa Keji. Yanzu faci yake yi a bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano, da injin iskarsa mai tari kullum safiya, da rabin duro cike da ruwa inda yake tsoma tiyub ya nemo huji.

In ka gan shi ba sai an gaya maka tarihinsa ba. Kunnuwansa sun dunƙule, gwiwarsa ta dama ta daina lanƙwasuwa, yana tafiya yana jan ƙafar. Hancinsa kuwa ya karkata hagu, kamar yana leƙen abin da ake yi a shagon maƙwabta. Matarsa, wadda muke kira Anti, takan ce ita da hancin a miƙe ta aure shi, kuma har yau ba wanda ya zo ya ba ta haƙuri.

Sau goma sha tara ya shiga keji. Ya ci goma sha ɗaya, aka ci shi takwas. Abin haushin shi ne, in direbobi suka zauna a bencinsa suna jiran faci suka roƙe shi labari, takwas ɗin nan yake bayarwa, dalla-dalla, har da nuna inda aka doke shi. Goma sha ɗayan kuwa sai ya ce ya manta. Matasan unguwa sukan zo su durƙusa, su ce a koya musu kare kai. Sai ya karɓe su hannu bibbiyu, ya miƙa wa kowa kofin ruwa da ɗan bututun roba na zuƙar lemo, ya ce su yi ta hurawa a hankali suna fitar da kumfa. Mai haƙurin cikinsu kwana huɗu ya yi. Ni kaina na sha yi masa dariya, ina ce masa, "Kawu, wai da gaske faɗa ka yi a kejin nan, ko shara kake yi musu?"

Ni tela ce. Shagona yana can ƙarshen wani lungu, tsakanin katangar makaranta da bayan wani sito na siminti, kuma ba wata hanyar shiga sai ta lungun. Shekara shida ina bin sa safe da yamma. Wata safiya, gari ya waye tangaran, wani mutum ya zo ta bayana ya fizgi jakata. Na riƙe, ya ja, na faɗi, ya ja ni a ƙasa har gwiwar hannuna ta ɗaye, sannan igiyar jakar ta tsinke ya ruga. Waya ce a ciki da almakashi da tef ɗin awo. Ba su ne suka dame ni ba. Mai wanki da guga yana nan a bakin shagonsa, taku ashirin ne tsakaninmu, ya juya baya yana goge wata farar riga. Na buɗe baki in kira shi, ko sauti bai fito ba. Ƙirjina ya kulle, bakina a buɗe, ina kallon bayan mutumin nan har ɓarawon ya sha kwana.

Daga ranar ban sake iya shiga lungun ba. Nakan shirya tsaf, in zo bakinsa, sai numfashina ya sarƙe, ƙafafuna su ƙi, in juyo gida. Mako biyu shago a rufe. Masu ɗinki suka fara biyo ni gida suna tambayar yadudukansu, mai ginin kuma ya aiko cewa in ban buɗe ba zuwa ƙarshen wata, zai ba wani wurin. Kunya ta ishe ni. Mace mai 'ya'ya biyu, wai lungu take tsoro.

Mahaifiyata, Umma, ita ce ta kira ƙanenta. Gaskiya na yi murna, don na ɗauka yau dai za a ga abin da aka daɗe ana jira, zai nemo mutumin ya naɗe shi kamar tsohon tiyub. Sai ga shi ya shigo falonmu yana jan ƙafa, da kofi a hannu.

"Kawu, don Allah kar ka ce mini bututu," na ce.

"Bututu ne, 'yata. Zauna."

"Ni naushi za ka koya mini. Inda zan doki mutum ya faɗi."

Ya kama hannuna ya juya shi yana dubawa, kamar an kawo masa tayar da ta gama yayi. "Wannan hannun na zare da allura ne. In kika naushi ƙato da shi, wata uku ba ki riƙe almakashi ba. Ke dai gaya mini, ran nan me ya fara ɓace miki, jaka ko numfashi?"

Ya taɓa inda yake mini ciwo, sai na miƙa hannu na karɓi kofin.

Haka na koma ɗalibarsa, kullum da yamma a falon Anti. Hannu ɗaya a kan ciki, in shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu, in hura ta bututu cikin ruwa yana ƙirga takwas. Kumfar dole ta fito ƙanana, a jere, ba gaggawa. In ruwan ya fantsamo mini a fuska sai ya girgiza kai ya ce, "Tayar nan ta fashe, sake." In kafaɗuna suka ɗaga sai ya ce ƙirji nake cikawa, ciki yake so. Anti takan wuce da tire ta tsaya ta kalle mu, ta ce, "Ikon Allah. Ga jarumin da aka ce in aura in huta da tsoro, ga shi yana koya wa uwar 'ya'ya wasa da ruwa."

"Ke ma da kin koya, da hawan jininki ya sauka," in ji shi.

"Kai ne hawan jinin nawa."

A cikin mako na biyu na gaji, na ture kofin na ce wannan wasan yara ne. Bai ji haushi ba. Ya miƙe ƙafar nan mai ciwo a kan kujera, ya ba ni labarin faɗansa na ƙarshe. Ya ce abokin karawar tasa ya zage shi tun wajen awon nauyi, shi kuma ya shiga keji da fushi. A zagaye na biyu ya samu wuyan mutumin ya shaƙe, shaƙar da ba a kuɓuce mata. Ya matsa iya ƙarfinsa, ya cije haƙora, jama'a suna ta ihu.

"Ina shaƙe da shi, ashe ni ne ba na numfashi," in ji Kawu. "Shi yana ƙasa yana shan iskarsa kaɗan-kaɗan ta hanci, ni ina sama na riƙe tawa don haushi. Hannuwana suka mutu, idona ya yi duhu. Ya zame ya tashi, ya yi mini wannan aikin." Ya nuna hancinsa. "Ba wanda ya shaƙe ni, 'yata. Tsoro da fushi abu ɗaya suke fara sacewa. In kika hana su iskarki, sauran mai sauƙi ne."

Sauran da ya ce mai sauƙi ne, ga shi duka, don Kawu ba ya ɓoye sirrin sana'a. A titi ba alƙalin wasa, ba ƙararrawa, ba wanda ya auna nauyin kowa, kuma ba ka san abin da ke aljihun mutum ba. Saboda haka in an zo don jaka, a jefar da jakar gefe guda, a ruga ɗaya gefen. Shi da kansa, in ji shi, in aka tare shi zai miƙa waya har da caja. Sannan a yi ihu, daga ciki ba daga maƙogwaro ba. Ya hana ni cewa ɓarawo.

"In kin ce ɓarawo, wasu ƙofa za su kulle, wasu kuma su fito da sanda su illata ɗan mutane a kan waya. Ki ce gobara. Kowa yana da abin da ba ya so ya ƙone."

Sai muka ƙara darasin ihu. Nakan tusa fuska cikin filon Anti in kwarara "Gobara!" shi kuma yana gefe yana cewa bai ji ba. Ya kuma ja mini kunne da wata doka da ya ce ko a keji ana kiyaye ta: mutumin da ke a tsorace, ba a zuwar masa ta baya.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare na ce masa gobe zan buɗe shago, ya zo ya raka ni. Ya ce shi ba zai je ba.

"In na raka ki gobe, jibi ma sai na raka ki. Ni kuma ina da tayoyin mutane."

Wallahi na ji haushinsa har cikin raina. Na tafi gida ban ko yi wa Anti sallama ba.

Da safe na saka kular abincina da sabon tef a tsohuwar jakar Umma, na riƙe makullin shago a hannu, na fita. A bakin lungun abin ya taso mini kamar kullum. Na tsaya, na ɗora hannu a ciki, na ja huɗu, na fitar da takwas. Sai da na yi sau biyar sannan ƙafata ta yarda. Na wuce katangar makaranta ina ƙirgawa. Na kai tsakiya, daidai inda aka ja ni a ƙasa, har na hango bayan mai wanki yana guga. Sai na ji taku a bayana, da sauri, yana matsowa.

Ƙirjina ya fara kullewa. Na ji shi sarai, amma wannan karon akwai iska a cikina, don ban daina ƙirgawa ba. Kawu ya ce a jefa jaka gefe. Ni dai ban san gefe ba, na juya rabi na wurga ta baya iya ƙarfina, na ji ta sauka a kan wani abu, ƙum. Na kwasa da gudu, na buɗe baki.

"Gobaraaa! Gobara, jama'a!"

Ban taɓa sanin ina da murya irin wannan ba. Tattabaru suka tashi daga rufin sito. Mai gadin makaranta ya leƙo ta kan katanga, lebura uku suka fito da bokitai, mai wanki ya yar da dutsen guga ya sungumi bahon ruwan kumfa ya rugo. Ya duba bai ga wuta ba, amma ya riga ya taho da gudu, sai ya sheƙa ruwan a kan abin da ya gani a tsakiyar lungun.

Kawu ne zaune daɓas a ƙasa, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, kumfa tana gangaro masa daga kai, jini yana ɗiga daga hancinsa, murfin kulata yana birgima a gefensa. Hannunsa ɗaya a sama, riƙe da makullin shagona. Ashe tun daga gida yake biye da ni daga nesa yana laɓewa a bayan motoci. Da na ɗora hannu a ciki a bakin lungu, makullin ya suɓuce ban ji ba. Ya tsinta, ya ga in na isa shago ba makulli sai na sake bin lungun sau biyu, shi ne ya manta da dokarsa ya biyo ni da sauri ta baya.

"Keji!" in ji mai wanki. "Kai aka kayar?"

"Tara ke nan," in ji Kawu. "Ka ƙara a lissafi."

Na durƙusa a gabansa, na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun. Ina ba shi haƙuri, ina share masa hanci da gefen mayafina. Ya riƙe hannuna ya juya wajen mai wanki.

"Malam, ka ji ta?"

"Haba, ai har titi an ji ta."

"To," in ji Kawu. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce sabulu ne. "Gefe na ce ki jefa, 'yata, amma ba komai. Tashi ki buɗe shagonki."

Da yamma na je duba shi. Hancin ya kumbura ya dawo tsakiya, Anti tana ta zagaya shi tana cewa shekara ashirin tana jiran wannan rana, a ƙarshe kular abinci ce ta share mata hawaye. Da zan tafi ta rako ni ƙofar gida, ta rage murya.

"Kin san ranar da aka ƙwace miki jaka, da labari ya iso masa, ya saka takalmi zai fita neman mutumin. Na ga fuskar da ban gani ba tun yana shiga keji, har na ji tsoro. Ya kai bakin ƙofar nan, sai ya dawo ya ce in ba shi kofi. Awa biyu ya yi a kujerar can yana hura ruwa, ruwan yana fantsamo masa a fuska. Kar ki ce na gaya miki."

Ban ce masa ba. Washegari na bi lungun ni kaɗai, na waiwaya sau ɗaya, ba kowa a bayana. Aikin da na fara ɗorawa a kan keken ɗinki bayan mako biyar a rufe shi ne rigarsa ta aiki da ta yage a kafaɗa lokacin da ya faɗi.