Katin Labule a Murhun Iya

Ina da shekara tara aka ɗauke mu daga gidanmu na Tudun Wada, ni da ƙanwata Hafsa, aka kai mu gidan kakarmu a cikin birni, lungu na biyu in ka shigo ta Ƙofar Jatau. Iya muke ce mata, ita ta haifi Ummanmu. Dalilin ƙaurar kuwa, tari ne ya kama Umma tun ƙarshen rani, ya ƙi jin magani, har ta fara tofar da jini. Wata safiya aka zo da mota aka tafi da ita asibitin masu tarin fuka da ke can bayan gari, aka ce yara ba sa zuwa. Babanmu yana koyarwa a wani ƙauye mai nisa, sai ƙarshen mako yake leƙo mu. Abin da kawai aka gaya mini shi ne, "Umma tana asibiti, a yi ta addu'a."

Babu wanda ya tuna cewa da irin wannan maganar aka fita da kakanmu, mijin Iya, shekara guda kafin nan, kuma gawarsa aka dawo da ita. Ni na tuna. Ban tambayi kowa ba, don ina tsoron amsar. Sai na zama yaro mai saurin fushi, in ci tuwo loma biyu in ture kwano.

Damina ce lokacin. Iya tana da wata rumfar kwano a gefen tsakar gida, a nan murhunta yake. In an ci tuwo an yi sallar isha'i, ba ta barin wutar ta mutu. Sai ta jawo garwashin waje, ta jera masara a kai, mu kuma mu shimfiɗa tabarma mu kewaye ta. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar masara ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar katangar ƙasa, sai in ji kamar kwaɗin kududdufin bayan gidan ne za su fara kuka. A nan take yi mana tatsuniya, tana juya masara da yatsunta kamar wutar ba ta da zafi.

Da aka yi dogon hutu, Habibu ɗan kawuna ya zo daga Kaduna. Ya girme ni da shekara huɗu. Ya zo da wani gwangwanin alewa cike da katuna masu hotunan dodanni da dabbobi, waɗanda ya daɗe yana tarawa yana musaya da 'yan ajinsu. Ranar da ya fara baje su a tabarma, Iya ta ɗaure fuska.

"Kai angona, karta ka shigo mini da ita gida?"

"Wallahi Iya ba karta ba ce. Ko sisi ba a sakawa."

Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da fitila, ta juya shi gaba da baya. "Wannan mummunar halitta kuma wa ya haife ta?" Daga ƙarshe ta yarda, da sharaɗin in an kira salla a tattara.

Habibu ya koya mini wasan. Kowane kati yana da lambar ƙarfi da lambar rai. Ana jera su a tsakiyar tabarma, wurin da muke kira fage. In aka doki katinka, sai a ɗora masa ƙwayar masara, alamar rauni. In ƙwayoyin suka kai yawan ransa, ya mutu, sai a jefa shi gefe guda da muka sa wa suna juji, kuma wanda ya shiga juji ba ya dawowa har a tashi wasa. Ya ba ni aron katuna da yawa, amma guda ɗaya ce tawa ta kaina, wata Damisa mai fukafukai da na karɓa a hannunsa na ba shi ƙwallona. Da ita nake kwana a ƙarƙashin matashi.

A daren da nake ba da labari, ranar wata Juma'a, Iya ta dawo daga unguwa tun la'asar, ba ta cika magana ba. Muna wasa a gefen murhu tana gasa masara, Hafsa ta kwanta a cinyarta. Damisata tana fage, na ɗora mata katin sulke, an yi mata rauni uku amma tana nan tana cinye dodannin Habibu ɗaya bayan ɗaya. Saura kaɗan in ci wasan, karo na farko tun zuwansa. Sai ya yi murmushi, ya zaro wani kati da ban taɓa gani ba, mai hoton baƙin ƙyalle. Ya ce, "Labule." Ya sa yatsu biyu ya ɗauke Damisata, ya kakkaɓe masarar da ke kanta, ya ɗora ta can kan kifaffen turmin Iya, nesa da tabarma.

Ban san lokacin da na faɗa masa ba. Na shaƙe wuyan rigarsa, katuna suka watse, ɗaya ya kusa faɗawa wuta. Ina dukansa ina ihu, "Ka dawo mini da ita! Komai nawa sai a ɗauke! Komai sai a ɗauke!"

Na ɗauka Iya za ta zane ni. Sai kawai ta kwantar da Hafsa, ta kamo hannuna ta zaunar da ni a jikinta, ta bar ni na yi kukana har na gaji. Sannan ta dubi Habibu.

"Zo nan, malamin dodanni. Kashe masa dabbar ka yi?"

"A'a Iya, ba ta mutu ba. Da ta mutu ai juji zan kai ta." Yana haki yana gyara riga. "Labule ba ya kisa. Ɗauke kati yake yi daga fage na ɗan lokaci. Ni so nake in samu hanya in kai masa hari sau ɗaya ba tare da ta tare ni ba. Da na gama zagayena za ta koma wurinta."

"To tana can kan turmin, me take yi?"

"Ba komai. Ba ta duka, ba a dukanta. Duk abin da aka jefa a fage ba ya samunta."

"Masarar da ka kakkaɓe fa?"

"In ta dawo, sabuwa take dawowa, babu rauni ko ɗaya. Sulken ne kawai ba za ta dawo da shi ba, shi ya tafi juji."

Iya ta dubi katin a kan turmi. Can ta ce, "Kai ma dai ba ka da wayo. Ka ɗauki dabbar da ta kusa mutuwa ka wanke mata ciwo, ka mayar wa mai ita? In ni ce da wannan ƙyallen, ajiye shi zan yi. Sai na ga an ɗaga wa tawa dabbar gatari, in sa ta a labulen da hannuna, gatarin ya sari iska."

Habibu ya buɗe baki. Ya ɗauki katin ya kai kusa da fitila, yana bin ƙananan rubutun Turancin da yatsa. "Kai! Cewa aka yi kowane kati. Wallahi ya halatta. Iya, a makarantarmu babu wanda ya taɓa yin haka."

"Ai ba su da kaka irina," ta ce. Ta karya masara ta miƙa mini rabi. "Ku matsa, ga wata nan tafe, ku ba ta wuri ta zauna."

Haka take buɗe tatsuniyarta, mu kuma mu ce, "Ta zauna mu ji."

Ta ce a wani gari an yi wata mata mai saƙar faifai, tana da ɗa guda ɗaya. Wata shekara aka yi wata jar iska da ke yawo cikin gari tana taɓa mutane. Wanda ta taɓa sau ɗaya sai ya rame, sau biyu sai ya kwanta, sau uku kuwa sai dai a yi masa sutura. Iskar ta taɓa matar sau biyu. Ɗan ya goya ta ya fita bayan gari yana kuka, har ya iso gindin wata tsohuwar kuka. Kukar ta ce, "Yaro, ba ni uwarka in ɓoye ta. Iskar ba ta shiga cikina. Amma ba za ka gan ta ba, ba za ka ji muryarta ba, sai wata ya tsaya sau biyu." Cikin kukar ya buɗe, matar ta shiga, ya rufe ruf.

A nan Iya ta sauya murya, ta yi ta yaron, siririya mai rawa. Kwana bakwai ya yi ya kasa haƙuri. Ya zo ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya kira sunanta, shiru. Sai ya ce lallai kukar nan cinye uwarsa ta yi, ya koma gida ya ɗauko gatari. Ya ɗaga ke nan kukar ta ce, "Sara. Amma ka sani, ƙofar da za ka buɗe don ka gan ta, ta nan iskar za ta shiga." Yaron ya daɗe a tsaye da gatari a sama. Sannan ya ajiye. Kullum sai ya zo ya share gindin kukar ya zauna, ya gaya wa itacen abin da ya ci da abin da ya gani a kasuwa. Jar iskar ta yi ta zagaye tana neman matar, ta leƙa ɗaki, ta leƙa rijiya, ba ta same ta ba, ta gaji ta bar garin. Ranar da wata ya tsaya na biyu, kukar ta buɗe. Matar ta fito da ƙafafunta, babu ciwo ko kaɗan. Sai dai awarwaronta da 'yan kunnenta duk sun zube a ciki, zanenta ya koɗe, har ɗan ya tsaya yana kallonta kafin ya gane ta.

"Ta gaji," Iya ta ce, yadda take rufe tatsuniyarta, "ku kai ta ɗaki ta kwanta."

Habibu ya tafi wanke hannu. Ni ban motsa ba. Tambayar da na yi makonni ina haɗiyewa ta fito da kanta.

"Iya, Umma a juji take ko a labule?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tura wani garwashi da ya gangaro, ta ce, "Rai a hannun Allah yake, Nasiru, nawa da naka da nata. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba don ta mutu aka kai ta can ba. An ɗauke ta ne don ciwon ya daina samun abin ci, kuma don kada ya taɓa ku. Likita ya ce wata biyu. Ɗaya ya kusa cika."

Wata biyu. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa abin yana da iyaka. A daren na cinye masarata, na roƙi Habibu ya ƙara mini tasa. Muka tattara katunan muka ci gaba daga inda muka tsaya, Damisata ta sauko daga turmi babu rauni, babu sulke, kuma duk da haka Habibu ne ya ci wasan. Ban damu ba ko kaɗan.

Ba wata biyu ta yi ba, sai da ta kusa uku. Ranar wata Laraba da hantsi, ina wanke ƙafa a bakin rijiya, na ji sallama a zaure. Wata siririyar mata ta shigo, Baba yana riƙe da jakarta. Wuyanta ya yi tsawo, zoben da na saba gani a hannunta babu shi, daga baya ta ce zamewa ya riƙa yi sai ta cire. Hafsa ta ɓuya a bayan Iya. Ni ma na tsaya, sai da ta ce, "Nasiru, haka ka yi baƙi?" Na ruga. Na kwantar da kunnena a ƙirjinta, ina jiran in ji wannan ƙugin tarin da na sani. Na daɗe ina saurare. Numfashi ne kawai yake shiga yana fita.

Na girma ina ɗaukar darasin daren a matsayin haƙuri: in an ɗauke maka abu, kada ka yi saurin ɗauko gatari. Da na haifi nawa 'ya'yan sai na ƙara fahimtar wani abu, cewa yaro yana iya jure rabuwa in an gaya masa gaskiya da ranar da ake sa ran dawowa, kuma shirun da manya ke yi don su kare shi ya fi ciwon kansa tsoratar da shi.

Amma sai bayan rasuwar Iya na san sauran labarin. Muna zaune da Umma ranar sadakar bakwai, na tambaye ta ko ita ma an yi mata tatsuniyar kuka da jar iska tana yarinya. Ta ce ba ta taɓa jin ta ba, kuma babu tatsuniyar Iya da ba ta sani ba. Na ba ta labarin daren, da katin, da unguwar da Iya ta je ta dawo tun la'asar ba ta magana. Umma ta yi lissafi da yatsu.

"Unguwar nan wurina take zuwa," ta ce. "Duk Juma'a, ta tsaya a bakin taga, don ba a barinta ta shigo. A ƙarshen watan farkon nan ne jikina ya fi tsanani. Akwai Juma'ar da ta zo ta yi ta kiran sunana ta taga, ina jinta, na kasa amsawa."

Ashe daga bakin wannan tagar ta taso ta zo ta hura mana wuta, ta gasa mana masara. Ita ce ta ƙwanƙwasa aka yi mata shiru. Na dubi Umma, ga ta zaune da furfura, jikokinta na hawa bayanta tana korarsu, na ce alhamdu lillahi a fili. Ta ce, "Na me kuma?" Na ce babu komai, ta miƙo mini kofin kunun nan kafin yaran su zubar.